E-Class W213: E300, E450 ko AMG, wacce za ka ɗauka kuma da waɗanne kaya a cikinta?

Duk wanda ya taɓa zama da niyyar sayen Mercedes-Benz E-Class ya san inda kai ke fara ɗaukar zafi. Za ka ga motoci biyu a jere, shekara ɗaya, fenti ɗaya, duk an rubuta E300 a bayansu, amma kuɗin ɗaya ya tsere wa na ɗayar nesa ba kusa ba, in ka tambayi dalili sai a ce maka ai wannan ful ofshin ce. To wai mene ne ful ofshin ɗin? Mafi yawan masu faɗar kalmar da sun ga rufin gilashi da kujerar fata shikenan sun yanke hukunci, alhali a wannan motar kayan da ake iya ƙarawa sun fi a ƙirga da yatsu, wasu alheri ne wasu kuma nauyi ne kawai za su zame maka nan da shekara uku.

Maganar da zan yi a kan zubin W213 ce, wato wadda aka fara nunawa a baje kolin motoci na Detroit a watan Janairun 2016, aka yi mata gyaran fuska a 2020, sannan W214 ta gaje ta a 2023. Na zaɓe ta ne saboda ana samunta a hannun masu sayar da ta hannu, kuma a kanta ne mutane suka fi rikicewa.

Abu na farko da nake so ka riƙe, zaɓin nan hawa uku ne kuma kowanne zaman kansa yake. Akwai inji, shi ne lambar da ke bayan mota. Akwai kwalliya, wato fuska da bamba da wili. Sannan akwai kayan ciki da ake ƙarawa ɗaya bayan ɗaya ko a dunƙule. Kana iya samun babban inji a mota da ba ta da komai a ciki, kana iya samun ƙaramin inji a motar da aka cika ta taf da kaya. Wannan ne ya sa lambar baya kaɗai ba ta isa ta gaya maka abin da za ka saya ba.

Ma'aunin da zan auna su da shi

Kuɗi, amma ba na saye kaɗai ba, har da na riƙo: mai, taya, birki, sabis. Ƙarko, wato me zai fara gajiya in mota ta kwana biyu. Sauƙin amfani na yau da gobe, a cunkoso, wajen fakin, a doguwar tafiya. Sai kasada, ina nufin abin da in ya lalace rana ɗaya zai iya girgiza maka aljihu. Akwai kuma wani na biyar da kai kaɗai ka san amsarsa, shi ne irin hanyar da kake bi kullum, in shimfiɗaɗɗiya ce lafiya lau lissafinka daban, in mai ramuka da gargada ce to rabin abin da ke burge mutane a motar nan ba naka ba ne.

E300 da E350, masu silinda huɗu

Ita ce ƙofar shiga a kasuwar Amurka. Injinta lita 2.0 ne mai turbo, a kasuwar Amurka E300 tana ba da ƙarfin doki 241, daga samfurin 2020 aka sauya mata suna zuwa E350 da sabon inji mai ƙarfin doki 255. Giyarta 9G-Tronic ce mai hawa tara, irin wadda ke cikin manyan yayyenta. Lokacin da ta fito a Amurka farashinta ya fara ne daga wajen dala 52,000, in kana son 4MATIC mai jan ƙafa huɗu ka ƙara wajen 2,500.

Mutane na raina ta, su ce ina silinda huɗu ina mota mai tsawon kusan mita biyar. Gaskiya a tuƙin yau da gobe ba ta gaza ba ko kaɗan, tana tashi da wuri, tana wuce mota a babbar hanya ba tare da ka yi ta addu'a ba, kuma tana cikin masu shan mai kaɗan a cikin masu fetur. Inda za ka gane ƙarama ce shi ne wajen murya. Da safe in ka tayar da ita a sanyi ka tsaya a waje za ka ji wani ƙas-ƙas-ƙas kamar na dizal, wannan aikin allurar mai ne ba ciwo ba, amma dai bai yi kama da sautin motar alfarma ba. In kuma ka cika ta da mutum biyar da kaya a but ka taka totur a hawa, za ta yi aikin amma za ka ji tana nishi.

Ta ɓangaren ƙarko ita ce mai sauƙin sha'ani, akwai fili a ƙarƙashin bonet, bakanike na kai hannu ko'ina, kayan gyaranta sun fi samuwa saboda injin yana cikin wasu motocin kamfanin da yawa irin su C-Class da GLC. Sai dai ƙaramin inji mai turbo da ke jan babbar mota ba ya yafe sakaci, in aka yi ta jan ƙafa wajen juyen baƙin mai ko ana zuba mata fetur mara inganci za ta nuna maka. Kamfanin Mercedes ya ce a ba ta fetur mai babban okten, kuma sabis duk shekara ko duk mil 10,000 a tsarin Amurka, wanda ya riga zuwa. Kasadarta ita ce mafi ƙanƙanta in dai tarihin sabis ɗinta a rubuce yake.

E400 da E450, masu silinda shida

Nan ne zan daɗe, don a ganina nan ne motar ta zama abin da aka ƙera ta ta zama. Amma akwai tarko a sunan wanda mutane da yawa ba su sani ba: E450 iri biyu ce.

E400 ta zo da V6 lita 3.0 mai turbo biyu, ƙarfin doki 329. A samfurin 2019 aka ƙara mata ƙarfi zuwa 362 aka kira ta E450, inji dai shi ne V6 ɗin nan. Da aka yi gyaran fuska, daga samfurin 2021, sai aka cire V6 aka saka inji mai silinda shida a jere, lita 3.0, ƙarfin dokin na nan 362, amma an haɗa shi da tsarin lantarki mai bolt 48 da suke kira EQ Boost. Suna ɗaya, ƙarfi ɗaya a takarda, amma injina biyu ne da ba su haɗa hanya ba.

Tsohon V6 ɗin ya daɗe a hannun kanikawa, an san halinsa ciki da waje, yana da santsi, kuma ba shi da wani ƙarin tsarin lantarki da zai ɗaure wa mai gyara kai. Sabon kuwa ya fi shi laushi, ya fi shi shiru, ya fi shi tattalin mai. Wata na'ura ce aka saka tsakanin inji da giya tana aikin kik da caja a lokaci guda, tana kuma ɗan tura motar da ƙarin ƙarfin doki 21 lokacin tashi. Abin da ya fi burge ni shi ne in ka tsaya a danja inji ya mutu da kansa, in ka ɗaga ƙafa daga birki ya tashi, wallahi sai ka kalli allura kafin ka tabbatar ya tashi, babu wannan girgizar da ke sa mutane kashe tsarin a wasu motocin. Ba shi da fambel ma gaba ɗaya, famfon ruwa da kwamfuresan esi duk lantarki ke juya su, shi ya sa ko inji ya mutu a danja sanyi bai ɗauke ba.

To amma komai da farashinsa. Batirin bolt 48 ɗin nan ba irin wanda za ka cire ka saka wani a bakin hanya ba ne, in ya samu matsala mota na iya ƙin tashi ƙememe, kuma sai mai kwamfutar da ta dace da wanda ya san aikin. In kana da irin wannan bakanike kusa da kai, ko motar na da sauran garanti, sabon ya fi daɗi. In babu, E400 ko E450 ta 2019 da 2020 ta fi kwanciyar hankali. Ka kuma sani a Amurka waɗannan masu silinda shidan, in dai mai ƙofa huɗu ce, da 4MATIC suke zuwa, wato ƙarin riƙon hanya a ruwan sama ko ƙanƙara, amma kuma ƙarin nauyi da ƙarin kayan da za a kula da su, kuma tayoyi huɗun nan ana so su riƙa cinyewa tare, ba a saka sabuwa ɗaya a bar uku sun sule.

AMG: E43, E53 da E63 S

Kafin komai, AMG Line ba AMG ba ce, ita AMG reshen Mercedes ne mai ƙera motocin gudu. Na taɓa zuwa duba wata mota wurin wani dillali, ga bamba mai faɗin baki, ga manyan wili, ga harafin AMG an manna a but yana ƙyalli, yana ta rantsuwa cewa ita ce. Na ce a buɗe bonet. Silinda huɗu ne a kwance. Raina ya ɓaci sosai, don da wanda bai sani ba ne da ya biya kuɗin da ba na motar ba. AMG Line kwalliya ce kawai da ake sa wa kowace E-Class, AMG ta gaske a inji da giya da birki da ƙafa take.

E43 ta zo a samfurin 2017 da 2018, V6 ne mai ƙarfin doki 396. E53 ta karɓe ta daga 2019 da silinda shida a jere da EQ Boost, ƙarfin doki 429. Su biyun nan tsaka-tsaki ne, za ka iya zuwa aiki da su kullum, sai dai ƙafarsu ta fi tauri, tayarsu siririya ce, kuma da ƙafar iska suke zuwa, wadda zan yi maganarta a ƙasa.

E63 S kuwa wata duniya ce. V8 lita 4.0 mai turbo biyu, ƙarfin doki 603, daga tsaye zuwa gudun kilomita 100 cikin daƙiƙa 3.4, kuma injinta mutum ɗaya ne ke haɗa shi da hannu a Affalterbach ta ƙasar Jamus ya sa hannu a wani ɗan faranti a kansa, abin da ba a yi wa 43 da 53. Sabuwarta ta haura dala 100,000 a Amurka. Giyarta ma daban ce, kulochi ne mai jiƙe da mai a maimakon abin da ke cikin sauran, shi ya sa a cunkoso takan ɗan yi fizga wajen tashi. Wanda ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa, maganar mai da taya da birki ba sai na ja ta ba. Abin da nake jin tsoro ga mai saye shi ne ta hannu da ta yi araha, kyan ɗan maciji ke nan, don kuɗin saye ne ke sauka, kuɗin faifan birki da taya da gyaran inji suna nan a matsayin na motar dala dubu ɗari.

Dizal da mai caji, a gurguje

A Turai E220d ce ta cika hanya, lita 2.0 mai ƙarfin doki 194, tana tafiya mai nisa da tanki ɗaya. Tana son dizal mai tsabta da ruwan AdBlue mai tsabtace hayaƙi da doguwar tafiya, in gajerun zirga-zirga kake yi matatar hayaƙinta za ta riƙa toshewa. E350e da E300e kuma ana cajinsu da wuta, suna da amfani in kana da wurin caji a gida, amma batirin ya ci wani ɓangare na but ɗin da a sauran yake lita 540, ya bar wani tudu a tsakiya da ke hana babbar jaka kwanciya.

| Mota | Inji | Ƙarfin doki | Kuɗin riƙo | Sauƙin yau da gobe | Kasada |
|---|---|---|---|---|---|
| E300 / E350 | silinda 4, lita 2.0 | 241 / 255 | mafi sauƙi | sosai | kaɗan |
| E400 / E450 ta 2019 da 2020 | V6, lita 3.0 | 329 / 362 | matsakaici | sosai da sosai | kaɗan zuwa matsakaici |
| E450 daga 2021 | silinda 6 a jere da bolt 48 | 362 | matsakaici | mafi daɗi | matsakaici, ya danganta da bakanike |
| E43 / E53 | silinda 6 | 396 / 429 | mai nauyi | da dama, ƙafa da tauri | babba |
| E63 S | V8, lita 4.0 | 603 | mafi nauyi | sai mai so | mafi girma |
| E220d | dizal, lita 2.0 | 194 | sauƙi in tafiya doguwa ce | sosai | ya danganta da ingancin dizal |

Kwalliya: tauraro a kan bonet ko a tsakiyar fuska

A Amurka suna kiransu Luxury da Sport, a Turai kuma Exclusive da Avantgarde da AMG Line. Luxury ko Exclusive ita ce mai ɗan tauraron nan a tsaye a kan bonet, fuskar dattako, wadda kana tuƙi kana hango tauraron a gabanka. Sport ko Avantgarde babban tauraro ne a tsakiyar fuska. Yawanci mutane a nan suke tsayawa, wanne ya fi kyau, amma bambancin ya wuce ido. Avantgarde an sauke ƙafarta da milimita 15, AMG Line kuma ga bamba mai saukowa ƙasa ga manyan wili, sau da yawa tayar baya ta fi ta gaba faɗi, wato ba za ka iya juya su gaba da baya don su daɗe ba.

Maganar wili ina so ka ba ta muhimmanci fiye da yadda ake ba ta. Daga inci 16 ake samu har 20. Duk inci ɗaya da aka ƙara a wili daga naman taya aka cire shi, kuma naman nan shi ne katifar farko tsakaninka da hanya. Na hau mai 18 na hau mai 20 a hanya ɗaya, a kan ɗinkin gada mai 18 sai ka ji dum a nesa kamar a wata motar, mai 20 kuwa har cikin sitiyari da ƙashin baya. Ƙari a kan haka yawancinsu ba su da safaya, ko dai taya ce mai iya tafiya bayan ta sace ko ɗan kwalin gam da famfo, ita kuma wannan tayar gefenta da tauri yake ga tsada. Rami ɗaya na iya kumbura maka taya ya lanƙwasa wili a lokaci guda. Ni 18 nake ba kowa shawara, 19 in hanyarka lafiyayya ce, 20 kuwa sai wanda ya yarda zai biya kuɗin kyau.

Kayan ciki, waɗanda suka cancanci kuɗinsu da waɗanda za ka yi tunani biyu

Kamara mai nuna kewayen mota duka. In abu ɗaya za ka dage a kai to wannan ne. Motar tana da tsawo, bonet ɗinta na gangarawa ba ka ganin ƙarshensa, amma da ka sa ribas sai allo ya nuna maka ita daga sama kamar tsuntsu ke kallo, kana ganin tazarar wili da dakalin gefen hanya. Sau biyu ko uku za ka yi amfani da ita kowace rana.

Kujera. Akwai fatar roba da suke kira MB-Tex a Amurka ko Artico a Turai, akwai fatar gaske, akwai Nappa mai laushi. Kar ka raina ta robar, ita ce ta fi jure yara da zubar abin sha da rana, tsumma mai ɗan ruwa ya ishe ta. Nappa daɗin taɓawa amma gefen kujerar direba inda ake gogawa wajen shiga shi ke fara tattarewa. In kana wuri mai zafi nemi kujera mai hura iska, yawanci da fatar gaske take zuwa, bayan tafiyar awa biyu za ka sauka rigarka ba ta manne maka a baya ba. Mai tausa kuwa daɗi ne amma ba dole ba, jakunkunan iska ne a ciki kuma suna iya sacewa.

Allo. Nan akwai ruɗani. Allo biyu masu inci 12.3 da ke haɗe kamar gilashi ɗaya su ne abin da ya fi jan ido a motar, amma kafin gyaran fuska na gaban direban zaɓi ne, wasu da agogo mai allura suka zo, wasu na Turai ma allon tsakiyar inci 8.4 ne. Kuma na kafin 2020 ba a taɓa shi da yatsa, da ɗan abin murzawa ake sarrafa shi, tsarin COMAND ke nan. Bayan gyaran fuska aka kawo MBUX mai taɓawa da karɓar umarnin murya. Sabon ya fi sauri da wayo, sai dai maɓallan sitiyarinsa na shafawa ne kuma ni dai na fi son na da, don wajen juya sitiyari hannu kan goga su ba da niyya ba. Ko wacce ce, haɗa wayarka ka tabbatar Apple CarPlay ko Android Auto na aiki kafin ka biya, ba duka aka kunna wa ba.

Sauti. Burmester na da hawa biyu, mai sifika 13 da wat 590, da babban mai sifika 23 da wat 1,450. Na farkon ya isa har ya yi yawa ga mafi yawan kunnuwa, kuma bambancinsa da na asali a bayyane yake. Za ka gane shi da murfin ƙarfe mai huji-huji a jikin ƙofa, amma ka sani ana sayar da murfin kaɗai a manna, don haka kunne za ka sa ba ido ba.

Fitilar Multibeam mai ƙwayoyi 84 a kowane ido tana haska hanya ta rage hasken daidai inda mota mai zuwa take, ga mai tafiyar dare alheri ce babba. Kasadarta ɗaya, in aka fasa ido ɗaya kuɗinsa ba wasa ba ne. Haka tsarin taimakon tuƙi na Distronic, mai riƙe tazara da motar gaba ya taka birki ya kuma taimaka wajen zama a layi, a doguwar hanya mai zanen layi yana rage gajiya ƙwarai, amma in hanyoyinka ba su da zane rabin aikinsa ya tafi, kuma ɗan karo a gaba ko sauya gilashin gaba na nufin sai an sake saita na'urorinsa da kwamfuta.

Rufin gilashi mai faɗi yana sa ciki ya yi haske, yara na son shi. Yana rage tazarar kai, yana shigo da zafi, kuma magudanan ruwansa in ba a share su suna toshewa ruwa ya sauka inda wayoyi suke. In motar da ta dace ta zo da shi ba laifi, amma ban ga dalilin ƙin mota mai kyau don ba ta da shi ba.

Sai babbar magana, ƙafar iska, Air Body Control. A maimakon sifirin na ƙarfe jakunkunan iska ne da kwamfuresa. In tana lafiya babu kamarta, mota na shawagi kamar kwalekwale a ruwa mai kwanciya, kana iya ɗaga ta da maɓalli in za ka hau tudu, ko ka loda kaya ba ta zauna da baya. Amma roba ce, kuma roba na tsufa ko ka hau ko ba ka hau ba. In jaka ɗaya ta fara sacewa kwamfuresa zai yi ta aiki ba hutu har shi ma ya ƙone, gyara ɗaya ya zama biyu. In za ka sayi mai ita, ga abin da nake yi: a ajiye motar a wuri mai daidai da yamma, ka sa yatsu tsakanin taya da bakin jikin mota a duk kusurwa huɗu ka ƙirga, ka dawo da sassafe kafin kowa ya tayar da ita ka sake aunawa. In kusurwa ɗaya ta sauka, ka san abin da ke jiranka. Ƙafar ƙarfen ta asali da wili 18 ba ta kai ta laushi ba, amma ba ta yi nisa da ita ba, kuma ba za ka tashi wata safiya ka tarar mota ta durƙusa ba.

Yadda za ka tabbatar da abin da ke cikinta

Kar ka dogara da bakin mai sayarwa ko rubutun but. Karɓi lambar shasi mai harafi da lamba 17, a ciro maka takardar bayanan motar ta masana'anta, a ciki kowane kaya da lambarsa. 489 ƙafar iska ce, 810 Burmester, 413 rufin gilashi mai faɗi, 501 kamarar kewaye, 401 kujera mai hura iska. Minti biyar zai ɗauke ka, kuma a nan ne ful ofshin na gaskiya ke rabuwa da na baki. Daga nan sai tarihin sabis, sai a sa mata kwamfuta.

To wacce ce taka?

In wannan ce motar alfarmarka ta farko, ko kuɗin riƙo na da muhimmanci a wurinka, nemi E300 ko E350 mai ƙafar ƙarfe da wili 18, sannan kuɗin da ka rage a inji ka zuba shi a kamarar kewaye da kujera mai kyau da Burmester. Na fi son in ga mutum a E300 da aka cika da kayan da zai taɓa kullum da in gan shi a babbar lamba da ciki wayam.

In kana yawan doguwar tafiya da iyali da kaya, kuma kana son ka riƙe motar shekaru, E400 ko E450 mai V6, da Distronic da Multibeam. Wannan ce ni zan ɗauka da kuɗina, da tauraro a kan bonet.

In sabuwar fasaha ce ke ranka, allon taɓawa da shiru da santsi, kuma kana da ƙwararren mai gyara ko garanti, E450 daga 2021.

In direba ke ja kai kana baya, ko za ka riƙa ɗaukar manyan baƙi, Exclusive ko Luxury da ƙafar iska da labulen gilashin baya, amma ka ware kuɗin gyaran ƙafar tun ranar saye.

In hanyarka ramuka ne, manta da AMG Line da wili 20 komai kyansu, ka zauna a 17 ko 18, ka kuma nemi hanyar ajiye safaya a but.

In kilomita kake ci da yawa a babbar hanya kuma dizal ɗin da kake samu mai tsabta ne, E220d.

In kuwa tuƙin kansa ne abin sonka, E53 ta fi dacewa da mai mota ɗaya, tana da zafi kuma ana iya zama da ita kullum. E63 S ta wanda yake da wata motar ce a gefe, wanda kuma sauya tayoyi huɗu da faifan birki a wata ɗaya ba zai taɓa masa lissafin gida ba.